Kwana Arba'in na Siron Goruba

Shekara biyu ke nan mutanen majalisarmu suna gaya mini cewa abin da na sa a gaba ba zai yiwu ba. Sun ce ruwan goruba ba ya kwana uku a zafin Sakkwato bai yi tsami ba, balle a ɗura shi a kwalba a ajiye a shago. Sun ce siro, wato ruwan sukarin nan mai kauri da ƙamshi da ake tsiyayawa a ruwan sanyi ko a yi ƙanƙarar sha da shi, aikin injin Turawa ne, shi ya sa wanda muka sani, ja ne ko kore, ta iyakar Illela yake shigo mana. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne taubashina, tsohon malamin dabbobi, kuma ba zan ɓoye ba, yana da hujja. Ranar sunan jikata, a gaban baƙi, kwalbar da na fito da ita ina taƙama ta tunkuɗe murfinta, ta yi wa liman wanka tun daga rawani har takalmi. Daga ranar aka daina kirana Malamin Asibiti a unguwa, aka koma kirana Sarkin Kwalba.

Ni kuwa shekara talatin da biyar na yi ina haɗa magunguna a asibitocin gwamnati, tun zamanin da mu muke dafa maganin tari da hannunmu, mu auna, mu tace, mu rubuta takarda mu manna. Na san inda na yi kuskure ranar sunan: na yi wa sukari rowa, na kuma bari ruwan ya huce kafin in ɗura. Saboda haka na koma kan ƙa'idar da aka koya mana. Awo biyu na sukari ga awo ɗaya na ruwan goruba da aka jiƙa aka tace sau uku, da ɗan lemun tsami, da citta, da kanumfari. A dafa har sai ɗigo ya tsaya a kan farce bai gudu ba. A tafasa kwalba da murfinta, a ɗura da zafinsa, a toshe nan take.

Bayan ƙaramar Salla, Sama'ila, ɗan wani marigayi abokina, wanda ke da shago a kasuwar Illela, ya zo gaishe ni. A gaban majalisa na damƙa masa kwalba uku, da sharaɗin ya jera su a kan katakon shagonsa tare da siron waje, kwana arba'in cif a tsakiyar bazara, ba firij, ba randa. Na yi alkawari cewa idan suka lalace zan kyautar da tukunyar, kuma bakina ba zai sake ambaton goruba ba. Idan suka tsira, Sama'ila zai karɓi kayana a shagonsa, taubashina kuma ya mayar mini da sunana a inda ya karɓe shi.

Mun tashi da asuba ranar da kwanakin suka cika, ni da taubashin nawa, wanda majalisa ta naɗa shaida. A tasha direba ya ƙi motsawa sai da gari ya waye tangaran, kamar yadda kowa ke yi a hanyar nan yanzu saboda rashin tsaro, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Kuɗin motar da aka karɓa a wurina, a shekarun da nake aiki zai kai ni Kaduna ya dawo da ni har in yi wa yara tsaraba. Duk da haka na biya kujera biyu a gaba, domin babbar rigar da aka yi wa bugu ba a cusa ta a bayan mota. Taubashina ya ce ai ɗaya tawa ce, ɗaya ta girman kaina.

Muna ƙetare gulbin Rima sai fadama ta buɗe, shinkafar rani an yanke wata, wata tana jiran lauje. Bayan Kware ƙasa ta fara bushewa, itatuwa suka yi nisa da juna. Abin da ya cika hanya shi ne manyan motoci shaƙe da raguna suna gangarawa kudu, domin Layya ta matso. Taubashina ba ya iya ganin dabba ya yi shiru. Kowace mota ta wuce sai ya faɗi asalin ragunan da ciwon da ke damunsu, har direba ya tambaye shi ko ya san abin da ke damun injin motarsa ma.

A Gwadabawa muka tsaya karin kumallo. Warin albasa ya riga garin tarbarmu, domin an gama cira, an tara ta tsibi-tsibi a ƙarƙashin rumfunan kara. Muka sha shayi da burodi a tsaye. Wata mai talla ta kawo ruwan leda mai launin ja kamar jini, na saya don nazari, na kurɓa sau ɗaya. Kala ce da zaƙi, babu wani ɗan itace da ya taɓa kusantarta. A gefenta kuwa wata tsohuwa ce zaune da tarin goruba a faranti, tana sayarwa a kuɗin da bai kai na kofin shayina ba. Daga nan har Illela itatuwan goruba ne dama da hagu, kowanne ya raba kai biyu yana tsaye a rana. Na daɗe ina kallonsu. Abin da Allah ya zuba mana a ƙofar gida mun bar wa yara su gwaigwaya, mu kuma muna canjin kuɗi don mu sayo ruwan kala daga wata ƙasa.

Mun shiga Illela da hantsi, ranar kasuwa, bayan mun gaisa da jami'ai a shingaye da dama. Na yi aiki a garin nan ina saurayi, amma da ƙyar na gane shi. Masu canji na zaune da damin naira da sefa a gabansu kamar masu sayar da ganye. Ga dogon burodin nan na ƙetare an jingina shi a kwando kamar sanduna, ga cuku, ga dabinon arewa, ga taliya buhu-buhu. Daga can ɓangaren kara ana jin kukan raƙuma da ihun dillalai. Hausar ma ta gauraya, wani ya ce maka sannu, wani ya haɗa maka da kalmar Faransanci, kuma ciniki bai tsaya ba.

Shagon Sama'ila yana layin masu kayan shayi. A katakon sama na ga abokan hamayyata a jere: jan rumman, koren na'a-na'a, da ruwan ɗorawa mai ƙamshin abarba. Matan da ke yin ƙanƙarar sha su ne manyan masu saye, murfi biyu ya isa ya rina bokiti. Sama'ila ya ce tun da harkar iyaka ta rikice tsadarsu ta sa mata da yawa sun koma garin kala. Don adalci na sa aka haɗa mini koren da madara mai sanyi, kuma na shaida yana da daɗi. Mutum ba ya rage wa abokin kokawarsa ƙarfi, in ba haka ba kayen ba shi da daraja.

Bayan mun gaisa, Sama'ila ya sauko da kwalba biyu daga cikin nawa ya ajiye a kan tebur. Maƙwabtansa suka matso, har da wata mai ƙanƙara da ta zo sayayya. Taubashina ya ja da baya taku uku, ya kare fuska da hula. Na yi bisimilla na murɗe murfin. Babu huci, babu kumfa. Ƙamshin goruba da citta ya tashi kamar yanzu aka sauke. Na zuba cokali biyu a kofin ruwan sanyi, ruwan ya koma launin zuma, na miƙa wa shaida.

Ya sha, ya miƙo kofin.

Na ce, "Likitan jakuna, mi ka gani?"

Ya ce, "Ƙara mani. Harshena bai gama ba da shaida ba."

Mai ƙanƙara ta ɗanɗana ta tambayi kuɗin kwalba. Mutane suka yi ta sa albarka. Taubashina ya shanye kofi na biyu, ya share gemu, ya ce ya sallama, a gaban kowa.

A daidai lokacin ne idona ya sauka a kan takardar da na manna wa kwalbar. Da alƙalamina na rubuta ta, da tawada, kamar yadda muke yi a ɗakin magani. Takardar ta yamutse, tawadar ta zubo ƙasa layi-layi. Na juya ta biyun, ita ma haka. Kwalbar da ta zauna a busasshen katako ba ta gumi. Wadda ke gumi ita ce wadda aka fitar daga sanyi aka kawo cikin zafi.

Babu wanda ya lura sai ni. Da na yi shiru, da yanzu ina ba ku wani labarin dabam, gajere kuma mai daɗi. Na tsaya riƙe da kwalbar, ina jin ana yabona, zuciyata tana cewa rufe bakinka, tsoho. Amma a duk shekarun aikina ban taɓa manna takardar ƙarya a jikin kwalba ba, kuma ban ga dalilin da zan fara da furfura ba.

Na ce, "Sama'ila, ɗana, ina kwalaben ga sunka kwana?"

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Baba, kwana biyu sunka yi bisa katako. Ran na ukku rana ta yi zahi har kyandir na lanƙwashewa cikin kwali. Nic ce in abin ga ya hwashe cikin kasuwa, labari na kai Sakkwato kahin in ruhe shago. Ba ni iya ganin an yi ma abokin babana dariya sau biyu. Sai nis saka su firij ɗin maƙwabcina. Yau da sahe nif fiddo su."

Taubashina ya matso kusa da kunnena, ya ce, "Kai, mi ya kai ka? Na riga na sallama. Ni ban ga takarda ba, ba ni kuma ganin ta."

Wato shi ma kara zai yi mini. Mutum biyu a rana ɗaya, kowa yana ƙoƙarin rufa mini asiri, kuma kowannensu a ransa ya yanke cewa aikina ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Ban taɓa jin ciwon alheri irin na ranar ba. Na ce masa sunan da za a mayar mini don tausayi, gara a bar ni da wanda nake da shi. Abin da ya fi damuna kuwa, damina ta kusa. Idan na sake wani gwajin yanzu, za a ce sanyin ruwa ne ya taimake ni. Sai dai in jira wata bazarar, kuma mai shekara saba'in da ɗaya ba ya yi wa kansa alkawarin baɗi.

Ina zaune a kan benci sai na tuna ƙidaya. Na ce, "Uku na ba ka. Ina ɗayar?"

Sama'ila ya ce gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune a Kalmalo, ta zo shago tun a rana ta biyu, ta ga kwalbar ta ce wannan ya yi kama da ruwan alkaki, ta jefa a jaka. Ya rasa bakin hana ta. Na tambaya ko tana da firij. Ya ce ko wutar lantarki ba ta da ita a ɗakinta.

Na miƙe tsaye.

Mota ba ta samu ba, sai kabu-kabu. Na ɗauki shekara ashirin rabona da hawa babur, kuma ina roƙon duk wanda ya gan ni ranar, na tattare babbar riga a cinya ina riƙe da ƙugun wani matashi, ya yi mini sutura. Taubashina yana biye a nasa babur ɗin yana ihu wai in riƙe hula, Sama'ila na bayanmu. Hanyar ba ta da nisa, amma yashi ya yi mata yawa, sau biyu muka sauka muka taka. Da muka hango Kalmalo, tafkin ya ja baya ƙwarai, manoma sun bi shi da shuka har bakin ruwa, masunta kuma sun shanya taru a kan ƙaya suna jiran damina. Rana tana tsaka, iskar da ke bugun fuska kamar daga bakin tanda.

Mun sami Gwaggo a zaure tana tsinke zogale, tsohuwa siririya mai kaifin ido. Ta amsa gaisuwar Sama'ila, sannan ta ƙura mini ido.

"Wanga ba shi na malamin asibitin Illela na da ba? Mai allurar nan da ad da zahi?"

Na ce ni ne, Hajiya, kuma allurar ta yi magani.

"Ta yi. Ɗana har yau in ya ga farar riga sai ya canza hanya. Mi ya kawo ka?"

Da aka yi mata bayani, ta shiga ɗakinta, mu kuma muka tsaya a bakin ƙofa. Rufin kwano ne, ba silin, zafin da ke fitowa daga ciki ya fi na waje. Ta miƙa hannu can saman bango, daf da kwanon, ta sauko da kwalbar. Abin da ya rage a ciki bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

Na ce, "Hajiya, ba ki ga an rubuta kada a buɗe sai bayan kwana arba'in ba?"

Ta ce, "Ni boko nika karatu? Kuma abin zaƙi a kwalba a ce kar a buɗe, to mi an amfaninai? Ran da niz zo da shi nib buɗe. Kullum sahe cokali guda cikin kunu. In an yi baƙi in tsoma masu alkaki."

Wato kwana talatin da takwas ana buɗewa ana rufewa, a ƙarƙashin kwano, a tsakiyar bazara. Ko ni da na tsara gwajin ban yi wa kaina wannan mugunta ba.

Na karɓi kwalbar, tana da ɗumi kamar kofin shayi. Na fara miƙa wa shaida ya duba takardar. Ta yi ƙura, amma kowane harafi yana tsaye inda na ajiye shi. Na ɗaga ta ga hasken rana: babu fumfuna a sama, babu ƙwayar kumfa, babu sukarin da ya daskare a ƙasa. Na buɗe a hankali, shiru. Na sansana. Na ɗiga a farce, ɗigon ya tsaya. Sannan na sa a harshe, na miƙa wa taubashina, domin ba ni ne shaida ba.

Taubashina ya ɗanɗana nasa a tafin hannu. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce, "Malamin Asibiti, ɗazu kara niy yi maka. Yanzu gaskiya nika hwaɗi. Abin ga lahiya lau yake." Sama'ila ya durƙusa yana neman gafara, na ɗaga shi, na ce ya shirya mini wuri a katakon sama, ba na ƙasa ba.

Gwaggo ba ta bar mu mun tafi haka ba. Ta kawo alkaki a kwano, ta tsiyaya masa siron, ya tsotse shi har ciki, ya yi laushi yana ƙyalli. Ban taɓa tunanin wannan amfanin ba, ni duk hankalina yana kan abin sha. Ta dama fura ta ɗiga kaɗan a maimakon sukari, ƙamshin goruba ya zauna da nono kamar tare aka halicce su. Muna ci tana yi mini gyara, ba tare da na nema ba. Ta ce kanumfarin ya yi yawa, yana danne gorubar, kuma idan don alkaki ne a ƙara tsami. Ta ce mahaifiyarta tana dafa maɗin ɗinya ya shekara a tulu bai lalace ba, ba ta san awo ba, ba ta san takarda ba, da ido da yatsa take ganewa. Na so in yi musu, sai na ga duk abin da ta faɗa daidai ne. Na fitar da alƙalami na rubuta.

Mun yi Azahar a Kalmalo, muka koma Illela, na sayi buhun goruba guda aka ɗaure a bayan mota. Mai ƙanƙarar nan tana nan tana jira, ta ce a sa ta a farkon layi kafin Salla. A hanyar dawowa taubashina ya yi barci tun kafin Gwadabawa, bakinsa a buɗe, ragunan duniya suna wucewa babu mai duba lafiyarsu. Mun shigo Sakkwato rana tana shirin faɗuwa, na yi Magariba a masallacin unguwarmu. Washegari da hantsi shaida ya tsaya a majalisa ya ba da labari tun daga farko, bai rage firij ba, bai rage kabu-kabu ba, ko da yake na roƙe shi ya rage na biyun.

Tafiyar nan ta koya mini cewa masu ƙaunarka sun fi masu yi maka dariya iya ɓata maka gwaji, domin mai dariya yana barin aikinka a rana, mai ƙauna kuwa yana ɓoye shi a inuwa. Ta koya mini kuma cewa ilimin da na ɗauko daga aji, na same shi zaune a zauren wata tsohuwa yana tsinke zogale, ya riga ni zuwa da shekaru. Wannan bai rage mini komai ba. Ni na auna shi, ni na sa shi a kwalba, ni na kai shi kasuwa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na ƙetare.

Saboda haka ina so 'ya'yana da jikokina su rubuta wannan rana a bangon littafin da nake ajiye awo a ciki, da tawada, ba da fensir ba: Lahadin ƙarshe ta watan Zulƙida, shekara ta goma sha ɗaya da ajiye aikina, tsakanin hantsi da Azahar, a garin Kalmalo ta ƙasar Illela.